Awon Mutanen Daji

Ranar wata Asabar ce cikin daminar 2011, ranar da aka yi wa Baba gayyar maimai a gonarmu ta bakin fadama, can tungarmu da ke tsakanin Anka da Bukkuyum. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina ɗauke da ƙwaryar miyar kuka a ka, ina bin bayan Inna da matan maƙwabta, kowace da akushin tuwon dawa, laka na danƙare mana a ƙafa saboda ruwan da aka kwana ana yi. Tun daga nesa muka ji gangar noma ta yi shiru, Inna ta ce lallai yunwa ta kama su, mu ɗaga ƙafa. Da muka isa gindin kanyar da ake hutawa sai muka tarar ba yunwa ce ta tara su ba. Rediyon yayana Lawali ne rataye a reshe ana ba da labarin yaƙin Libiya, maza talatin da shida sun jingine hauyoyinsu sun yi masa zobe, gumi na zuba, kowa na son ya ji ko jiragen Turawa sun gama da ƙasar ko da saura.

Lawali shi ne ɗan fari a ɗakinmu, shekararsa ashirin a lokacin. Karatunsa na boko bai wuce firamare ba, amma ko malamanmu ba sa ja da shi idan ana maganar ƙasashe da rundunoninsu. Ranar nan ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya jera duwatsu. Ya ɗora hannu a kan babban ya ce, “Wagga Amurka ta, jiragenta sun hi tsuntsayen hwadamag ga yawa. Wagga Hwaransa ta. 'Yar tsakuwag ga ita ta Libiya. To ku hwaɗa min, ƙaƙa za ta yi da su?” Aka kaure da gardama, wani ya ce ai mutanen hamada ba a cin su a gida, wani ya ce jirgi bai san gidan kowa ba. Inna ta gaji da tsayuwa da akushi a ka. Ba ta faɗin sunan Lawali saboda kunyar ɗan fari, sai ta ce, “Kai mai akwatin surutu, kauda duwatsunka in aje tuwo. Kuna ta ƙirgar jirage, babu wanda yah hwaɗa min tiya nawa sukan ci. Ku hwaɗa min abin da sunka ci, in hwaɗa muku ko su nawa na.” Aka yi ta dariya, har Baba da ba ya son wasa a bakin aiki sai da ya murmusa.

Ba cika baki Inna ta yi ba. A tungarmu da ƙauyukan kusa ba a ɗora tukunyar taro sai an kira ta. Tiya, wato kwanon da ake auna hatsi da shi, ita ce alƙalaminta. Tambaya biyu kawai take yi, mutum nawa ne, kuma wane aiki za su yi. In maza ne a bakin noma, tiya ɗaya mutum huɗu. In rufin ɗaki ne, mutum biyar. In walima ce ta malamai, takan ce a auna kamar na manoma, kada a yarda da 'yar lomar da suke fara yi a gaban jama'a. Tana iya juya lissafin kuma, ta leƙa tukwanen gidan biki da aka gama ci ta faɗi yawan waɗanda suka zo, ba ta cika kuskure da fiye da mutum biyu ba. A waccan gayyar tiya tara ta auna, aka ci aka ƙoshi, abin da ya rage a akusa ƙanzo ne da muka raba mu yara. A gefenta na koyi surfe da bakace da wankin tsaba, kuma ni ce mai kai niƙa injin Mamman kullum bayan an taso makaranta.

Haka na tashi tsakanin masu awo biyu, ɗaya da duwatsu, ɗaya da kwano, kuma ba zan ɓoye ba na Lawali ya fi burge ni. Sauran 'yan mata suna gaɗa da carafke a dandali, ni ina raɓe a ƙofar zaure da yamma ina sauraron wa ya fi wa tankokin yaƙi. A makaranta akwai wata taswira da gara ta cinye gindinta, mukan taru a gabanta lokacin hutun ƙarfe tara muna haɗa ƙasashe faɗa da yatsa. Najeriya da Nijar wa zai ci? In Sin ta haɗu da Rasha fa? In gardama ta yi zafi sai a juyo gare ni a ce ƙanwar Lawali ta yanke, ni kuma in ƙanƙance ido in yanke hukunci a kan abin da ban san komai a kansa ba. Ranar da ba makaranta mukan je bakin tafki da 'ya'yan rugar da ke bayan gari, mu mu gina jiragen laka da bindigogin kara, su su gina shanu masu tozo da ƙahon ƙaya. Uwarsu Goggo Dijja aminiyar Inna ce, kullum takan sauke ƙwaryar nononta a tsakar gidanmu ta huta kafin ta shiga gari. Yaƙi a wurinmu abu ne da ke cikin rediyo, in batir ya mutu sai a koma hirar damina.

Lawali ya yi rani biyu a wajen haƙar zinari ta gefen Sunke, cikin mazan da suka zo daga Katsina da Nijar da wasu wuraren da ko a taswirarmu babu su. Duk dawowarsa sai Inna ta tsare shi a bakin rijiya ya yi wanka ya bar tufafinsa a waje, domin ba ta manta da yaran Dareta da gubar dalma ta kwashe ba, kuma har aka gama yayin nan ba ta yarda an daka dutsen zinari a turminta ko sau ɗaya ba. Bai samo abin kirki ba sai wata waya mai nuna hotuna, wadda ta ƙara masa fada a majalisa, domin yanzu yana iya nuna wa mutane jirgin da yake ba su labari. Bayan nan Baba ya kwanta ciwo ya rasu, gida ya dawo wuyan Lawali. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, ya koma gona sosai, amma rediyon nan bai bar kafaɗarsa ba. Abin da yakan ce wa samari shi ne, “Kada ka ja da mutum sai ka san yawanai.”

Abin ya faro ne daga ruga. Wata safiya Goggo Dijja ta shigo ba ƙwarya a kanta, ta zauna a bakin murhu ta ce an kore musu shanu duka, har da saniyar da aka ba ta ranar aurenta, za su tashi. Ita da Inna suka yi kuka, mu yara muka tsaya muna kallo. Daga nan sai shanun huɗa na gari suka fara bi. Muka koyi wata sabuwar kalma, mutanen daji, wadda ake faɗi da murya ƙasa ƙasa ko da a cikin ɗaki ne. Kafin shekara biyar da waccan gayyar sun daina ɓuya. Sukan ratsa gari a kan babura da rana tsaka, fuska naɗe da rawani, kuma suka mai da injin Mamman wurin niƙansu. In sun zo sai mu matsa da kwanukanmu mu sunkuyar da kai har a gama musu.

Ana gab da girbin dawa, ina aji uku na ƙaramar sakandare, sai suka aiko wa mai gari da saƙo. Kowane gida ya ba da namiji ɗaya a je a girbe musu gonakin da suka ƙwace a cikin daji, kuma kafin a gama nasu kada wanda ya sa lauje a tasa gonar. Gayya suka kira abin, kalmar da muka sani da ganga da tuwo da dariya. Gari ya rabu biyu. Dattawa suka ce ko a je a yi musu, ko a kwashe iyali a koma Anka har ƙura ta lafa. Samari suka ce wanda ya yi sau ɗaya ya zama bawa, kuma dawar da aka sha wahalarta wata biyar ba za a bar wa tsuntsu ba. Akwai maza kusan sittin masu jini a jika, da bindigogin toka talatin da 'yan kai na maharba. Tambaya ɗaya ce ta rage wadda ba mai amsarta, su waɗancan su nawa ne? Sai duk ido ya koma kan Lawali, mutumin da ya shekara goma yana auna ƙarfin ƙasashen duniya a ƙofar zaure. Ya roƙi a ba shi kwana bakwai.

Kwanakin nan na ga yayana ya rame a tsaye. Ba mai iya shiga daji ya ƙirgo su ya dawo. Ya bi sawun babura a hanyar rafi, ya tarar sun hau kan juna ba a gane komai. Ya tambayi masu itace, wani ya ce goma ya gani, wani ya rantse ɗari biyu ne. Ya daina kunna rediyo, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Inna kuwa tun ranar farko ta ƙulle kayanta a zane ta ajiye bayan ƙofa. Ita tafiya take so a yi, kuma ta hana a yi zancen mutanen daji a tsakar gidanta.

Ina zaune a layin niƙa a rana ta biyu cikin bakwai ɗin nan sai ga biyu daga cikinsu da buhu a bayan babur. Mamman ya saba ba ya zuba hatsin kowa a inji sai ya auna, su ma sai da ya auna nasu. Ni kuma kaina na sunkuye, amma kunnena na ƙirga faɗuwar kwano. Tiya talatin. Maganar Inna ta gindin kanya ta dawo mini kamar yanzu take faɗinta. Bayan kwana uku suka dawo, na sake ƙirgawa, talatin cif. Da suka tafi na tambayi Mamman a hankali, ya ce wata biyu ke nan haka suke yi, duk bayan kwana uku, ba ragi ba ƙari. Tiya goma ke nan a kullum. Na dawo gida da gudu har garin da ke kaina yana zuba.

Na san in na faɗa wa Inna gaskiya za ta kore ni da muciya, don haka na yi mata ƙarya. Na same ta tana tankaɗe, na buɗe littafina na makaranta a cinya na ce, “Inna, Malam ya ba mu lissahi ya gagare ni. Wai wasu maza na, kullum a niƙa musu tiya goma, tuwon rana da na dare. Wai su nawa na?” Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, “Maza masu aiki?” Na ce eh. Ta ce, “Ashirin na. In da masu ƙaramin ciki, ashirin da biyar. Yanzu har tuwo anka kai makaranta? To Allah shi kyauta.” Ta yi dariya, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na samu Lawali a bayan rumbu yana wasa lauje na zayyana masa komai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa na maimaita tun daga farko. Fuskarsa ta washe, ya dafa kaina ya ce, “Wallahi kin hi ni kai. Shekara nawa ina ƙirgar jiragen wasu, ashe amsa tana ɗakin Inna.” Ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na wannan lokacin ba, kuma wannan daɗin shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa jama'a ashirin ne, a yi musu ƙari a ce talatin. Mu sittin ne, a ƙasarmu, mun san kowace kwana ta gonakinmu. Bai faɗi inda ya samo adadin ba, kuma ba wanda ya tambaya, domin Lawali ne ya faɗa. Aka aika wa mutanen daji cewa ba za a zo ba, aka sa ranar Alhamis kowa ya fito a fara girbi tare.

Alhamis da hantsi maza suna yanka, rabinsu na tsaye a bakin gona da bindigogi, mu mata muna tara zangarniya. Sai muka ji ƙara daga gabas kamar ta injinan niƙa da yawa an tashe su lokaci ɗaya. Ina kan wani ɗan tudu, don haka na hango su suna fitowa daga cikin itatuwa. Bakina da kansa ya fara ƙirga babura. Na wuce ashirin ina jiran su ƙare, na wuce talatin, da na kai arba'in na daina, kuma kowane babur mutum biyu ne a kai, wasu uku. Abin da ya biyo baya ba na son dogon bayaninsa. Mun bi ta fadama, Inna na jan matar Lawali, ni ina goye da 'yarsa, ruwa har ƙirji, muka yi ta tafiya ba takalmi har Anka. Waɗanda suka tsira cikin maza sun ce da Lawali ya ga yawansu sai ya ɗaga murya ya ce, “Lissahi ya ɓaci, ku gudu!” Shi kuwa bai gudu ba, ya tsaya a bakin hanyar da mata suka bi. Washegari da sojoji suka raka maza kwasar gawa a nan aka same shi, laujensa na gefe.

A Anka muka raɓa a wani kangon gida da ba a gama rufawa ba, mu da iyalai huɗu. Ranar sadakar bakwai sai ga Goggo Dijja, ta ji labari a kasuwa ta nemo mu, ta tsufa kamar an ƙara mata shekara ashirin. Ana zaune ana gaisuwa wata mata ta ce abin mamaki, an ce su ashirin ne, daga ina sauran suka fito? Goggo Dijja ta girgiza kai ta ce, “Wa yac ce ashirin? Mutanen da ka yanka san wani kullum, ga nonon shanunmu suna sha, ga shinkahwa da burodi ana kai musu daga gari. Tuwo ai na taɓawa na garesu, ba shi na abincinsu ba.” Ina bakin ƙofa ina wanke kwanuka. A nan na gane abin da na yi. Na auna su da cikin manomi, wanda ba shi da abin ci sai tuwo, shi ya sa yake cin kashi ɗaya cikin huɗu na tiya a zama ɗaya. Na tashi na zagaya bayan kango na yi ta kuka, aka ce kukan rashi ne.

Shekara takwas na riƙe wannan magana ni kaɗai. Na sha jin mutane na cewa ko an je gayyar ma da sun zo, ga ƙauyukan da suka bi umarni ba su tsira ba. Kaina ya yarda da haka, zuciyata ce ta ƙi. Na yi aure a Gummi, mijina mutumin kirki ne, amma ko shi ban gaya wa ba. Sai bara da na haihu Inna ta zo yi mini wankan jego. Wata yamma tana tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mini a baya, ban ga fuskarta ba, shi ya ba ni ƙarfin hali. Na ce, “Inna, lissahin da nit tambaye ki ranar nan kina tankaɗe, ba na makaranta ba na.” Na faɗa mata duka. Hannunta ya tsaya. Na ji ruwa na ɗiga daga ganyen cikin baho, har tururi ya fara raguwa. Can ta ce, “Da kin hwaɗa min ko su wa na, da na ce maki ban sani ba. Ni cikin manoma nis sani.” Na fashe da kuka ina neman gafara. Ta ce, “Ke yarinya ta, mi kinka sani? Bar kuka, nono shi ka tsayawa. Ni nic ce ashirin.” Ta ci gaba da wankan har ruwa ya ƙare.

Da can a tungarmu in an ji ƙarar inji yara rugawa suke su kama layi, in an ce gayya mata su hau daka suna waƙa, kuma mutum na iya yin kuskuren awo abin da zai biyo baya bai wuce a ƙara ɗora tukunya ba. Yanzu an ce gonarmu ta bakin fadama ta koma daji, ba wanda ya isa ya je ya duba. Inna ta koma Anka wajen matar Lawali da jikarta. Takan zo Gummi ta ga yaron, mu yi hirar tsadar hatsi da ciwon gwiwarta, ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Amma matar Lawali ta gaya mini tun daga waccan tafiyar Inna takan zauna ita kaɗai a bakin ƙofa tana motsa baki, in an tambaye ta ta ce ba komai. Shekara takwas tana kukan ɗa kamar kowace uwa a kangon nan, ni na je na mai da ita mai hannu a ciki. Na so in sauke kayan ne, ban san a kanta zan sauke ba.